Igiyar da Ba Ta Motsa Ba

Baba Mai-Rijiya bai taɓa girgiza igiya ba, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha labarin. Ƙa'idar masu haƙar rijiya ce, in iskar ciki ta yi maka nauyi, ka girgiza igiya a fito da kai. Shi kuwa ƙasa ta rufta masa, ruwa ya kai masa wuya, ya fito da ƙafarsa. A kan haka ya reni ɗansa Dogo. Tun yana tatata, in ya faɗi sai ya ji, "Tashi, kai namiji ne!" 'Yarsa Auta kuwa uwarta ta rene ta da "kar ki hau, kar ki leƙa", har ta girma ko ƙofa aka buga sai gabanta ya faɗi.

Yau Dogo ya shiga yashe wata tsohuwar rijiya, leburori biyu suna riƙe da ƙarfen naɗe igiya. Baba ya zo sa ido. Sai dai ya kasa zama. Ya zagaya, ya leƙa, ya gyara hula, ya sake zagayawa.

Auta ta iso da abincin rana, ko ajiye kwanon ba ta yi ba ta ce, "Baba, guga ya daina fitowa."

"Hutawa yake yi, sarkin tsoro. Ai ke inuwarki ma razana ki take."

"Na yarda. A fito da Yaya."

"Igiya ta motsa ne? In da matsala zai girgiza."

"Zai girgiza? Kana tsaye a kansa?" Ta dire kwanon a ƙasa. "Wallahi ko ransa ke fita ba zai taɓa ta ba. Kullum in zai fita aiki sai ya yi amai a bayan ɗaki, ya wanke baki, ya zo ya gaishe ka."

Baba ya duƙa a bakin rijiyar. "Kai, Dogo!"

Can sai murya ta taso a hankali kamar ta mai barci. "Lafiya lau, Baba."

Ya san irin wannan muryar. Ya ji ta a bakin maza, kuma ba dukansu suka fito da rai ba.

"Ku ja!" Ya ture lebura guda, ya kama ƙarfen da kansa.

Dogo ya fito leɓe ya yi fari, kai na lilo. Auta ta yi ta yi masa fifita da murfin kwano har ya buɗe ido.

"Wa ya ce a fito da ni?"

"Ni. Kana da magana?" Baba ya kifa guga ya zauna, ya cusa hannuwansa cikin riga.

"Baba, hannunka rawa yake yi," in ji Auta.

"Sanyi ne."

Leburorin suka dubi rana, tana tsaka, suka sunkuyar da kai.