Hannun 'Yan Waje a Faɗuwar Fons

Da muka tumɓuke Fons daga shugabancin ƙungiyar masu busa ƙaho ta ƙauyenmu, bai taɓa yarda aikinmu ba ne. Duk wanda ya tare a hanya sai ya ce masa, "Da hannun 'yan waje. Mutanen Holan ne."

Iyakar Holan tana bayan gonarsa ta dankali, kuma masu busar can sun daɗe suna jin haushinmu a gasa. Tsohon nan har ya rame, ya ba ni tausayi. Ba kujerar ce ta dame shi ba, tsoronsa kada a ce mutanen da ya koya wa busa sun gaji da shi.

Ranar Lahadi bayan coci kwamiti ya zauna a shagon kofi don a raba gardama. Wasu na cewa Holan, wasu na cewa tsufa. Staf mai gidan burodi ya ce wa Fons, "Wace Holan kuma? Kiɗa ɗaya fa kake sa mu tun ina da gashi."

"Gashin naka ma su suka kwashe," in ji Fons.

Ana cikin dariya matarsa Jantien ta ajiye kofinta. Mun manta sarai daga tsallaken iyaka ya auro ta.

"Mijina ya yi gaskiya," ta ce, ta ɗaga hannunta sama. "Ga hannun wajen nan. Gida-gida na bi da kek ɗina na shinkafa ina roƙon a sauke shi, kuma babu wanda ya yarda da sauƙi. Staf sai da ya yi hawaye, sannan ya nemi ƙari."

"Me na yi miki, Jantien?"

"Tun ranar aurenmu ka ce za ka yi rawa da ni a bikin ƙauye. Kullum kana kan dandamali da sandar jagorantar kiɗa a hannu, ni ina ƙasa Staf yana taka mini ƙafa."

Fons ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Ashe ba ku gaji da ni ba?"

"Da kiɗan dai muka gaji," in ji Staf.

Nan take kwamiti ya yanke cewa laifin na ƙasar waje ne. Muka ture kujeru, muka shiga kaɗa tebur da cokula. Fons ya kama matarsa suka shiga rawa, ya fi Staf taka ƙafa nesa ba kusa ba, bakinsa har kunne.

Da suka zagayo kusa da ni ya raɗa mini, "Ai na faɗa muku Holan ce."