Akwatin da Yaya ta mayar kicin

Ni ban yi boko mai nisa ba, abin da na gani shi zan rubuta.

Auta, 'yarmu, tana aikin jinya a wata ƙasa mai nisa. Kafin ta tafi ta ajiye mana kwamfuta a kan tebur kusa da gado, aka kuma kafa wani ƙaramin akwati mai ƙaho biyu a kan kabad, wanda shi ke kawo intanet. Babanta ne ya iya latse-latsen. Ni nawa in zauna gefensa in ga fuskar 'yata.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa, likita ya ce mu koma gida da shi. Mun gane nufinsa. Sai babbar yayarsa ta tare mana, wai ta zo jinya. Da shigarta ɗakin ta ɗaga kai ta ga akwatin yana ƙyafta wuta.

"Wannan abin a saman kan mara lafiya? Shi ke tsotse masa jini. Ke ba ki da ido ne?"

Na ce, "Yaya, da shi muke ganin Auta."

"To a kicin ba zai ci wuta ba?"

Ta cire shi, ta kai shi kan firji ta soka a soket. Wuta ta kama. Ta ce, "Kin gani? Kamar rediyo ne, ko'ina ka kai shi zai yi."

Washegari da hantsi Baban Auta ya farka da ɗan ƙarfi. Ya sa na goge masa fuska, na taje masa gemu, ya ce, "Kira min yarinyar nan in gan ta."

Na kunna kwamfuta. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a allo, babu Auta. Na kira ta a 'yar wayata mai maɓalli, wadda ba ta nuna hoto.

"Mama, duba can ƙasa ta dama. Me kika gani?"

"Wani abu kamar ƙwallo."

"Kashe kwamfutar ki sake kunnawa."

Na yi. Ƙwallon yana nan.

"Akwatin fa, yana da wuta?"

Na leƙa kicin. "Tana ci."

"To zare shi daga soket, ki ɗan jira, ki mayar."

Na zare, na mayar. Ita ba ta tambaye ni inda akwatin yake ba, ni kuma ban san abin faɗi ba ne. Yaya tana zaune a ƙofar kicin tana yankan albasa, tana jin komai.

Na kara wa Baban Auta wayar a kunne. Ya ce, "Muryarki na ji, Autata. Fuskar nake so."

Ta ce, "Gobe, Baba. Zan sa a turo mai gyara."

Ya ce in bar shi a jingine, ko za ta fito. Haka ya wuni yana kallon allon nan har wuyansa ya gaji.

Mai gyara bai zo ba sai washegari bayan azahar. A lokacin Baban Auta ya daina buɗe ido, numfashi kawai yake ja. Mutumin ya duba kwamfuta, ya tambayi akwati, na kai shi kicin. Ya juya bayan akwatin, sai ya yi dariya.

"Hajiya, ina wayar da ke fitowa daga bango? Wannan ai kun ba shi wuta kun hana shi hanya."

Mun same ta a bayan kabad tana lilo. Ya mayar da akwatin, ya soka ta, kafin ya gyara tsayuwa sai ga Auta a allo.

Na juya mata kwamfutar wajen gado. Ta yi ta kira, "Baba, ga ni. Baba, buɗe ido, ga ni fa." Bai buɗe ba. Kafin la'asar ya cika.

Da aka fara shigowa gaisuwa, na ji Yaya tana gaya wa mata cewa ita dai ta yi iya ƙoƙarinta, ana mayar da abin nan saman kansa ya tafi. Suna ta gyaɗa mata kai. Ni kuma aka ce in tashi in kawo wa Yaya ruwa, wai kuka ya shaƙe ta.