Faɗan Kwana Arba'in

Saura mako biyu a kama azumi, Mansir mai takalman gwanjo ya fara neman hanyar da zai ɓata da budurwarsa Rufaida. Yana sonta, har gidansu a Zongo an san da zamansa. Sai dai saurayin da aka sani, dole ya kai kayan shan ruwa: sukari, madara, dabino, sannan ga atamfar salla tana tafe. Aƙalla jaka sittin na sefa, shi kuwa tun watan jiya ko silifas bai sayar da na kirki ba.

Chérif, maƙwabcinsa mai gyaran waya, shi ya ba shi dabarar.

"Faɗa za ka ja, abokina. Na kwana arba'in kacal. Bayan salla ka je ka ce pardon, ta yi haƙuri, shaiɗan ne."

"Ai an ce ɗaure shaiɗan ake yi da azumi."

"Shi ya sa za ka yi tun yanzu, kafin a kama shi."

Mansir ya auna abin ta kowace fuska. Ƙarya dai haramun ce, amma fushi ai ba ƙarya ba ne, in dai mutum ya yi ƙoƙari ya ji shi da gaske.

Ya soma aiki. Ya ce su haɗu a kasuwar Saint-Michel, ya shanya ta awa biyu a rana. Ta ce ba komai, ta samu ta sayi kifi. Ya yabi ƙawarta a gabanta, ta ce wallahi kyakkyawa ce. Kwana uku bai ɗaga wayarta ba, sai ta aiko masa da kunu, wai ko zazzaɓi ne.

Haƙurin nan ya fara ba shi haushi na gaskiya. Wace mace ce za a yi wa haka ta yi dariya, in ba wani abu take jira ba? Ran Juma'a da la'asar, a ƙofar gidansu, ya faɗa mata.

"Na gane wannan haƙuri naki. Na katan ɗin madara ne. Tunda shagon babanki ya rufe, jira kuke azumi ya zo in ciyar da gidan."



"Tun makon jiya na gaya wa Inna bana ba za ka kawo komai ba," in ji Rufaida. "Na ga kasuwarka. Har faɗa muka yi da ita a kanka."

Ta shiga, ta tura ƙofa a hankali.

Chérif ya ce aiki ya yi kyau. Mansir ya sha ruwa wata guda bai kashe wa kowa ko dala ba. Kwana uku bayan salla ya goge takalmi mafi kyau a rumfarsa, ya saka, ya je ya yi sallama. Baban Rufaida ne da kansa ya fito, ya amsa gaisuwarsa da mutunci, sannan ya tambaye shi wa yake nema.