Zakkar Buhu Ɗari

Hoton da suka ce a ofis kaɗai za a nuna, shi aka kafa a ƙaton allo a bakin tashar Gwarzo. Fuskar yayana Baƙo ce a jiki, ga sunan garinmu Kutama a ƙasa.

Ni buhuna nake sayarwa a kasuwar Kabo. Nan suka same ni bayan kaka, wani saurayi Zayyad da wata Rufaida mai rataye da kyamara. Suka ce daga kamfanin talla suke a Kano, suna son hayar sababbin buhuna ɗari na wuni guda.

Na ce, "Buhu saye ake yi. Me za ku zuba?"

Zayyad ya ce, "Ƙaiƙayi, Baba."

Daga nan na daina yarda da shi. Ya zauna yana min bayani, wai wani kamfanin irin masara ne yake neman masu yi masa talla. Masu nema da yawa, kowa zai haɗa samfur ya kai, manya su kalla su zaɓa. Har sun sami manomin da za su ɗauka, wani dattijo a Kutama da ake kira shaida idan an yi rigimar iyakar gona. Rufaida ta ce, "Fuskarsa ba ta ƙarya." Da ta nuna min a waya, sai na ga Yaya.

Na ba su buhunan, amma na bi su.

A ƙofar gidanmu aka jera. Duk ƙaiƙayi, sai na gaba aka barbaɗa wa masara a baki. Yaya buhu goma sha shida ya samu a shekarar, kuma irin da ya ajiye a rumbunsa ya shuka, ba na kamfani ba, ya fitar da zakkarsa tuni. Suka sa masa sabuwar riga da hula, suka ce ya ce, "Alhamdu lillahi, bana buhu ɗari na ɗauka."

Na ja shi gefe. "Yaya, kada ka faɗa."

"Wasan kwaikwayo ne, Ƙasimu. Mutum biyar za su gani a ɗaki."

"In na ɗaki ne, me ya sa yarinyar nan take tambayar yadda ake rubuta sunan garinmu?"

Zayyad ya jiyo ni ya yi dariya. "Baba Ƙasimu, da kai ɗan sanda ne da ɓarayin Kabo sun yi hijira."

Aka yi dariya, har da Yaya. Ya faɗa, suka ce ya sake da murmushi, ya sake.

Samfurinsu aka zaɓa. Allo ya hau, murya ta shiga rediyo safe da yamma. Na kira Zayyad na ce a cire. Ya ce, "Haba Baba, ba ka taya mu murna ba? Manyan sun ce kada a taɓa komai, muryar Malam Baƙo ce ta saye su. Yanzu ba a hannunmu yake ba."

Hajjo ce ta fara zuwa, maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ta gaishe da Yaya, gajiya, gida, iyali, sannan ta ce, "Malam, abin da ka aiko min bana, na buhu ɗarin ne? Tambaya nake kawai."

Yaya ya sunkuyar da kai.

Ran Juma'a liman ya yi huɗuba a kan masu ɓoye amfanin gona su hana zakka. Bai ambaci kowa ba. Ba ya bukata, sahun gaba duk sun waiwayo.

Na je majalisar mai shayi na ce, "Ƙaiƙayi ne. Buhunana ne, a gabana aka ɗura."

Uwaisu mahauci ya ajiye kofi. "To zaɓa mana, Ƙasimu. Ko yayanka ya ambaci sunan Allah ya yi wa duniya ƙarya, ko kai kake yi yanzu don ka rufa masa asiri. Wanne?"

Na ce, "Kai da ka ga ana jerawa?"

"Na ga buhuna a ɗaure. Na ga masara a baki. Cikinsu ban shiga ba."

Ba a jima ba rigimar iyaka ta tashi tsakanin wasu gidaje biyu. Mai unguwa ya wuce ƙofarmu ya je ya kira wani.

Na ce wa Yaya ya tashi a masallaci ya faɗi gaskiya, a wuce wurin. Ya ce, "In ce musu an ba ni riga na yi ƙarya? Wa zai sake jin shaidata?"

"To yanzu ma wa yake ji?"

Washegari Yaya ya aiko in kawo masa buhuna, wai saye zai yi. Na same shi ya buɗe rumbu, matarsa Dela tana tsaye a bakin ɗaki. Na riƙe bakin buhu yana zubawa. Zakkar buhu ɗari, goma ke nan, ya auna ta cif a gaban liman aka raba wa mabukata. Hajjo ta yi ta sa albarka. Uwaisu ya ce ai da ma ya san akwai.

Abin da ya rage a rumbun bai kai su farkon damina ba. Tunkiyar Dela aka fara sayarwa, sannan Yaya ya jinginar da gonar bayan gari don su ci tuwo.