Ƙugiyar Sarƙa

Keken Malama ya girme ta. Na marigayi babanta ne, irin na da, kuma a jikin ƙarfen baya, dab da taya, akwai wata 'yar ƙugiya da ba ta kai kan yatsa ba. Amfaninta ɗaya ne: in za a cire tayar baya, sai a rataye sarƙa a kanta, taya ta zame salin alin, hannu bai taɓa baƙin mai ba.

Dogo mai gyaran keke ya san haka sarai. Amma in ya rataye sarƙar, aiki zai ƙare kafin Malama ta gyara zama a benci. Shi kuwa son ta yake yi, irin son da ke hana cin abinci amma ba ya buɗe baki. Don haka duk ranar da ta kawo faci, sai ya saki sarƙar ta zube, ta kwashi yashi, ta harɗe. Ya tsuguna yana warwarewa yana shirya zance a zuci. In ya ɗago, abin da ke fita shi ne, "Titin nan akwai ƙusa."

"Akwai," in ji ta.

Yayansa, wanda suke rumfar tare, yana jin su. Tari kawai yake yi.

Ranar Laraba ta turo keken, ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

"An canza mini makaranta, can nesa. Kawu ya ce in babu wata magana a ƙasa, in haɗa kayana."

Dogo ya tsuguna. Ya kwance noti, ya saki sarƙa, ta zube.

"Malam Dogo."

"Na'am, Malama."

"Tun ina firamare Baba ya nuna mini aikin ƙugiyar nan."

Yaya ya ajiye famfo, ya gyara zama.

"Wai... wai ita wannan?" in ji Dogo. "Ashe ƙugiya ce."

"Ƙugiya ce. Rataye sarƙar. Kawu yana gida yanzu, da yamma zai fita, kuma ba ya gaisawa da mai baƙin hannu."

Dogo ya ɗaga sarƙar ya rataye. Taya ta fito ba gardama. Ya tsaya rungume da ita a ƙirji, ya rasa inda ake ajiye taya.

"Kawo nan, angon ƙusa," in ji Yaya. "Ni zan yi facin. Sabulu na bayan durom."

"Yaya, me zan ce masa?"

"Ka fara da sallama. In ka ji bakinka ya nufi titi, ka yi shiru, ni zan ƙarasa. Malama, a wane layi gidan yake?"