Duron da Khairiyya Ta Huda

Duk layinsu a unguwar Walia babu mai duro irin na Khairiyya: shuɗi, mai kauri, mai murfi. Mijinta Halliru, dillalin shanu, shi ya kawo mata shi bayan maganin kaskar da ke ciki ya ƙare. Ta wanke shi da toka da sabulu har hannunta ya yi kanta, ta riƙa tara ruwan sha a ciki. Ɗan warin da ya rage kuwa, ta ce ƙamshin sabon abu ne.

A daminar 2003 Halliru ya dawo daga kasuwa fuska ba walwala. Likitan dabbobi ya tara su, dillalan shanu, ya ce gubar nan shiga jikin roba take yi, wanki ba ya fitar da ita, kuma taruwa take a jikin mai sha shekara da shekaru. A huda kowane duro, a mayar masa.

Khairiyya ta yi ta mita, amma da ta dubi 'ya'yanta sai ta tuntsurar da ruwan can nesa da rijiya, ta jingine duron a ƙofar gida kafin Halliru ya huda shi ya mayar.

Ai kuwa kafin la'asar sai ga maƙwabciyarta Rahamatu, wadda ta karɓi haihuwar 'ya'yanta duka, tun daga ɗan farinta Ghali.

"Maman Ghali, in birmil ɗin nan, duron da kika fitar, ya ishe ki, ni ina so. Masu turo ruwa sun fi ƙarfina kullum."

A unguwar nan, ka hana maƙwabci abin da za ka yar, ai ka gama zubar da mutuncinka.

"Yaya, guba ce a jikinsa."

"Gubar da kuka sha shekaru kuna ƙiba? Ki ce dai ba za ki bayar ba, kalas, magana ta ƙare!"

Khairiyya ta san halin Rahamatu sarai: in aka bar duron nan lafiya, sai ya kwana a gidanta. Ta ɗauko wuƙar Halliru, ta caka wa gindinsa, ta sake cakawa, a gabanta. Rahamatu ta ja mayafi ta tafi ba sallama. Abin ya yi wa Khairiyya ciwo ƙwarai.

Randa ɗaya gare ta, babba, wadda uwarta ta bar mata, ita ce yanzu kaɗai wurin ajiyar ruwan gidan. Da safe ta kwashe ruwan a tukwane, ta ɗora randar a ka, ta sauke a tsakar gidan Rahamatu.

Rahamatu ta zagaya randar, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, tana taɓe baki.

"Ku fa, a me za ku sha?"

"A gidanki, Yaya. Ki bar moɗa a kai."

Rahamatu ta harare ta, sannan dariya ta ƙwace mata. Ta janyo tabarma da ƙafa.

"Zauna, ja'ira. Shayi ya kusa nuna."