Kwanciyar Gbenro a Gaban Suruki

Ranar da Gbenro ya fara zuwa gaida iyayen Morenike a unguwar Surulere ta Legas, sai da ƙarti uku suka ɗaga shi daga ƙasa. Kwanciyar ba ta ba shi wuya ba. Ya zube rub-da-ciki a gaban uban yarinyar yadda kowane ɗan Yarabawa mai tarbiyya yake yi, tumbinsa ya riga goshinsa isa tayil. Tashin ne ya gagara. Ya yunƙura, ya yi nishi, wandonsa ya ce ƙyat ta baya, ƙannen Morenike suka ruga kicin suna toshe baki.

Baba Oyelaran bai yi dariya ba. Dattijon coci ne, siriri, mai farin gemu, irin mutanen da ko tari suka yi sai ka ji kamar laifinka ne. Ya dubi Gbenro daga sama har ƙasa ya ce, "Ranar baiko za ka sake kwantawa a gabana, gaban dangi. In ka tashi da kanka, ka tafi da matarka. In sai an ɗaga ka, to waɗanda suka ɗaga ka su kai ka gida."

Kowa ya san tsohon nan ba ya magana biyu. Gbenro kuwa yana son Morenike har cikin ransa. Ya haura arba'in kafin ya sami macen da take dariyar labaransa ba don motarsa ba, kuma tunanin rasa ta kawai yakan hana shi cin tuwon amala, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Shi ya sa ya je ya yi rajistar yoga ta ɗakin zafi, motsa jikin nan na miƙe gaɓoɓi a kan tabarma, ko jikinsa ya saki ya iya tashi. Abin takaicin, Gbenro dillalin iyakwandishan ne. Duk arzikinsa da sanyi ya tara shi, yana bin mutanen Legas gida-gida yana gaya musu zafi ne ke kashe mutum. Yau ga shi ya biya kuɗi masu ciwo don a kulle shi a ɗaki a hura masa zafi da janareta, a garin da in ka tsaya a bakin titi da azahar za ka sami irinsa kyauta har da hayaƙin motocin haya na danfo a kai. Amma ina, zafin titi na talaka ne. Na ɗakin yana zuwa da madubi da ƙamshin lemun tsami.

Ya zaɓi wani wuri a Lekki, nesa da shagonsa na Ikeja, ya kuma zaɓi ajin sassafe don kada ya haɗu da idon sani. Malamar ajin wata matashiya ce, Bisola, mai murya kamar tana lallashin jariri alhali tana gasa mutane. Dokokinta biyu ne: ba a magana, ba a fita sai an gama. "A ɗakin nan babu oga, babu yaro," in ji ta. "Kowa jiki ne kawai da numfashi." Gbenro ya dubi jikin da aka ce shi ne, cikin gajeren wando, ya kawar da kai daga madubin.

A sati na biyu ne abin ya faru. Bisola ta ce kowa ya buɗe ƙafafu ya sunkuya ya leƙa ta tsakaninsu. Gbenro ya sunkuya iya inda tumbi ya yarda, gumi na shiga masa hanci, ya leƙa. Can a layin baya, ta tsakanin wasu ƙafafu sirara kamar sandar rake, wata fuska ce a juye take kallonsa, farin gemunta yana nuna sama.

Baba Oyelaran! Mutumin da ya taɓa tsayawa gaban jama'ar coci ya ce yoga ruku'u ce ga abin da ba a sani ba, kuma duk wanda ya shimfiɗa tabarmarta ya san inda ya nufa. Ga shi nan da singileti da gajeren wando mai zanen abarba.

Gbenro bai yi shawara da kansa ba, jikinsa ne ya yanke hukunci. Ya juya ya zube rub-da-ciki wajen tsohon, tim, har ruwan gorar maƙwabciyarsa ya girgiza.

"Madalla!" in ji Bisola. "Kun ga yadda ake sakin jiki? Bawan Allah, ka yi kyau, sai dai gaba muke kallo."

"Tashi, kai!" tsohon ya faɗa ta tsakanin haƙora. "Tashi kada ka tara mini mutane!"

"Baba, ba na iyawa."

"Ba a magana," in ji Bisola a hankali. Ta zo ta tsuguna kusa da kan Gbenro. "Shaƙi numfashi. Tafin hannu ƙarƙashin kafaɗa. Kafa yatsun ƙafa. Tura ƙugu sama kamar kare mai miƙa. Yanzu tako da ƙafa ɗaya." Ya bi maganarta ɗaya bayan ɗaya, yana zamewa cikin guminsa, sai ga shi a tsaye. Rabonsa da tashi daga ƙasa ba hannun kowa har ya manta, kuma saura kaɗan ya yi kuka don murna.

A ɗakin canza kaya suka haɗu, kowa da tawul a wuya. Tsohon ya daɗe yana ɗaura agogo kafin ya yi magana.

"Likita ne ya matsa. Bayana ne."

"Allah ya ƙara sauƙi, Baba."

"Ba ka gan ni ba."

"Wa na gani, Baba? Ni tun da na shigo gumi ya rufe mini ido."

"Sharaɗina kuma yana nan. Kada ka ɗauka wani abu ya canza."

Haka suka ci gaba, sati bayan sati, tabarma kusa da tabarma, ba gaisuwa ba sallama. Gbenro ya iya tashi, tsohon kuwa tsayuwa da ƙafa ɗaya ce ta gagare shi. Da an ce a tsaya kamar bishiya sai ya fara tangaɗi. Wata safiya ya tafi gaba ɗaya zai faɗi, Gbenro ya miƙa hannu ya tare shi ta gwiwar hannu, ya mayar da shi tsaye, idonsa na kan madubi kamar ba shi ya yi ba. Tsohon ma ya ci gaba da tsayuwarsa kamar ba a taɓa shi ba. Amma washegari da wata mata ta zo za ta shimfiɗa tabarma a gurbin Gbenro, sai ya ji tsohon yana ce mata akwai mai wurin.

Wani dare suna cin kifi da Morenike ta ce, "Ka san Baba ya ƙara riƙe ibada? Kullum da sassafe yana wajen taron dattawan coci. Jiƙe sharkaf yake dawowa. Mama ta ce ba ta taɓa ganin addu'a mai sa gumi haka ba, har ta fara ba matan unguwa labari."

Ƙaya ta sarƙe Gbenro. Ya sha ruwa, ya share hawaye, ya ce Allah ya karɓa. Ya san kalma ɗaya ta barazanar tona asirin nan za ta sa tsohon ya janye sharaɗi kafin gari ya waye, ya kuma san ba zai iya faɗarta ba.

Sai ranar baiko ta zo, kuma a nan ne Gbenro ya yi wa kansa. Don ya burge surukai, ya sa yaran shagonsa suka jera manyan iyakwandishan a zauren biki, bango zuwa bango, kyauta. Sanyi ya kama wurin har tsofaffin mata suna jan gyale suna rufe kunnuwa, mai kiɗan gangan, kalangun Yarabawa, yana hura hannu. Gbenro ya zauna cikin sanyin nan ana ta gabatar da dangi, bai lura ba bayansa yana ƙagewa. Ko sau ɗaya bai taɓa gwada tashin nan a wajen ɗakin zafi ba.

Alaga, matar da aka ɗauko ta jagoranci bikin, mai bakin tsiya da makirufo a hannu, ta kira ango da abokansa. "Ku kwanta! Ƙirji a ƙasa, ba na son ganin iska na wucewa ta ƙarƙashin kowa!" Suka kwanta, suka tashi. Gbenro ya tashi da ƙyar, wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Suka sake, ya tashi yana ganin taurari.

"Yanzu abokai ku koma gefe," in ji alaga. "Ango shi kaɗai. Mu ga ko da gaske yake son 'yarmu."

Ya kwanta a gaban takalman Baba Oyelaran. Tayil ɗin kamar ƙanƙara. Ya sa hannu zai tura, bayansa ya ƙi. Ya sake, ya ƙi. Kiɗa ya lafa. Ya ji an fara ƙus-ƙus ta ɓangaren dangin amarya, ya ji takun abokansa suna matsowa, ya ce musu, "Kada wanda ya taɓa ni!" Duk abin da Bisola ta koya masa ya gudu daga kansa. Abin da ya rage kawai shi ne Morenike tana can bayan ƙofa cikin lulluɓi tana jiran a kira ta, kuma ba za a kira ta ba.

Sai tsohon ya ɗaga hannu. "A kashe na'urorin nan, za su kashe mu!" Ya sunkuyo, ya dafa kan Gbenro kamar mai sa albarka, ya fara raɗa. Alaga kuwa da ta ga uba zai yi addu'a, sai ta yi wuf ta kafa masa makirufo a baki.

"Shaƙi numfashi," zauren duka ya ji.

Tsohon ya tsaya. Ya dubi makirufon, ya dubi limamin cocinsu da ke layin gaba, ya dubi matarsa. Sannan ya dubi ƙeyar Gbenro da ke rawa a ƙasa, ya gyara murya.

"Tafin hannu ƙarƙashin kafaɗa, ɗana. Kafa yatsun ƙafa. Tura ƙugu sama kamar kare mai miƙa. Sama, na ce! Haka Bisola ta koya maka? Yanzu tako da ƙafa ɗaya."

Wasu tsofaffi a baya suka amsa da amin. Gbenro ya tura, ƙugu ya tashi, ƙafa ta tako, sai ga shi tsaye cikin babbar rigarsa ta agbada, hawaye na bin kumatunsa. Gangan ya ɓarke, aka buɗe wa amarya ƙofa.

Mama Oyelaran ba ta tafa ba. Ta juyo a hankali, ɗaurin kanta ya juyo tare da ita. "Dattijo," ta ce, "wace ce Bisola a cikin dattawan coci?"

Tsohon ya kawar da kai. Ya jawo Gbenro ya rungume shi, ya ce masa a kunne, "Ɗauki matarka. Jibi da sassafe kuma ka biyo ta Surulere ka ɗauke ni, don na ga alama yau za a ƙwace mini makullin mota."